Sakandaren Kragujevac, 1918 zuwa 1941: Makarantar da Aka Ɗora wa Kaya Biyu

Da aka sake buɗe makarantun Sabiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yawa daga cikin ɗaliban da suka koma aji sun riga sun wuce a kira su yara. Akwai waɗanda suka ratsa duwatsun Albaniya da ƙafa a hunturun 1915, suna bin sojojin ƙasarsu da aka fatattaka har bakin teku. Akwai waɗanda aka kwashe daga can zuwa Faransa, suka yi shekara biyu ko uku a makarantun Nice da tsibirin Kosika, suka dawo da Faransanci a baki. Wasu kuwa sun zauna a gida ƙarƙashin mamayar Austiriya, wadda ta hana amfani da haruffan Siriliki da Sabiyawa ke rubutu da su. Ƙiyasin da Sabiyawa suka fi kafa hujja da shi ya ce yaƙi da yunwa da annobar taifus sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar. Malamai na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin da yawansu hafsoshin ko-ta-kwana ne.

A wannan hali babbar sakandaren Kragujevac, wadda ake kira Gimnaziya, ta shiga shekaru ashirin da biyu mafi nauyi a tarihinta. Hujjar da nake so in kafa ita ce, gwamnatin wancan zamani ta ɗora wa makarantar kaya biyu. Na farko, ta zama tsanin da ɗan manomi zai taka ya fita daga ƙauye. Na biyu, ta ƙera wa sarki sabuwar al'umma ɗaya daga kabilu da dama. Gwamnatin ta yi ta taƙaita na farkon, wanda shi talaka ke buƙata, tana ƙara wa na biyun nauyi, wanda ba aikin da aji zai iya ba ne. A ganina kuskure ne babba, kuma an biya kuɗinsa da tsada.

Kragujevac ba ƙaramin gari ba ne a zuciyar Basabiye. Yana tsakiyar yankin Šumadija, a bakin kogin Lepenica, kuma nan Yarima Miloš Obrenović ya kafa fadarsa a 1818, tun ƙasar ba ta gama ɓallewa daga Daular Usmaniyya ba. A 1833 aka kafa Gimnaziya, ta farko a ƙasar Sabiya ta wancan lokaci. A 1838 aka buɗe babbar makarantar da daga baya aka mayar Belgrade ta zama tushen jami'ar can. Ginin da sakandaren ke ciki har yau an kammala shi a 1887. Ta cikin azuzuwanta Janar Živojin Mišić ya bi, wanda ya jagoranci nasarar yaƙin Kolubara a 1914. Ta nan marubuci Radoje Domanović ya bi, mai yi wa masu mulki zambo, haka ma Svetozar Marković, uban 'yan gurguzun Sabiya. Janar da ɗan tawaye duk benci ɗaya suka zauna, kuma wannan gado biyu bai taɓa barin makarantar ba. Ga kuma maƙerar igwa da aka kafa a garin a 1853, wadda ta girma ta zama masana'antar makaman soja mai ɗaukar dubban ma'aikata. Tun 1876 ma'aikatan garin suka taɓa fitowa titi da jar tuta. Don haka ɗalibin 1925 yana tafiya makaranta ne tsakanin bariki da unguwar leburori.

Tsarin karatun shi ne aji takwas, bayan shekara huɗu na firamare. Yaro yakan shiga yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya. A ƙarshen aji huɗu akwai ƙaramar jarrabawa, a ƙarshen aji takwas kuma babbar jarrabawar da ake kira matura, wadda ita kaɗai ke buɗe ƙofar jami'a kai tsaye. Ana fara Faransanci tun a ƙananan azuzuwa, Jamusanci ya biyo baya, Latin kuma a manyan azuzuwa, ga lissafi da tarihi da labarin ƙasa da darasin addini. Giɓin malamai da yaƙi ya bari, wani ɓangarensa Rashawa ne suka cike shi. Bayan an ci sojojin Janar Wrangel a Kirimiya a 1920, dubun-dubatar 'yan gudun hijirar Rasha sun sauka a ƙasar, cikinsu har da injiniyoyi da tsofaffin hafsoshi, kuma da yawa sun ƙare suna koyar da lissafi da zane da harsuna a sakandaren garuruwa. Mutanen da suka gudo daga kwaminisanci su ne ke tsaye gaban allo, yaran da ke zaune a gabansu kuwa wasunsu nan da shekara ashirin za su ɗauki bindiga dominsa.

Sai mu dubi tsanin. Ƙidayar 1921 ta nuna fiye da rabin mutanen sabuwar masarautar da Sabiya ta shiga cikinta ba su iya karatu da rubutu ba. A ƙidayar 1931 adadin ya sauko zuwa wajen kashi 45 cikin ɗari, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a da noma suke ci. A ƙasa irin wannan, takardar matura ba shaidar ilimi kawai ba ce, takardar 'yanci ce daga garma. Mai ita zai zama akawu a ofishin gunduma, ko ma'aikacin jirgin ƙasa, ko ya wuce Belgrade ya karanta shari'a ya dawo alƙali. Albashin gwamnati ba ya jiran ruwan sama, ƙanƙara ba ta kashe shi, kuma akwai fansho a ƙarshe.

Amma kafin ɗan ƙauye ya kai ga wannan takarda, sai an ga abin da gidansu ya sha. Makarantar tana cikin gari, ƙauyen kuma yana da nisan da ba a zuwa a dawo kullum. Sai uba ya nemi wata gwauruwa mai ɗaki a bayan gidanta, irin matan da yaƙi ya bari birjik, su yi ciniki. Sau da yawa ba da kuɗi ake biya ba. Idan kaka ta yi, sai ya ɗaura wa shanu keke, ya loda buhun gari da wake da cuku da itacen hunturu, ya sauke a ƙofar matar, ya ja kunnen yaro ya juya. Yara uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, murhu ɗaya. Wanda gidansu ba su da ko wannan, sai ya shiga gidan wani attajiri ko likita yana ɗebo ruwa, yana faskare, yana share tsakar gida, a bakin abinci da wurin kwana, ya yi karatunsa bayan kowa ya kwanta. Kowane yaron da aka tura gari hannu biyu ne aka cire daga gona, shi ya sa a yawancin gidaje ɗaya ake zaɓa, kuma kusan kullum namiji. Garin yana da sakandaren 'yan mata, amma 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa suka fi cika ta. 'Yar manomi da ta gama aji huɗu na firamare ma ta yi sa'a.

A cikin makarantar, doka ce ke mulki. Ɗalibi yana da hularsa mai alamar ajinsa, ta yadda ko daga nesa malami ya hango shi ya san ko wane ne. Akwai lokacin da ba a yarda a gan shi a titi ba da dare, ba ya shiga gidan shan gahawa, silima kuma sai da izini. Malami yakan shigo da babbar rajistar aji a hammata, ya zauna, ya buɗe, yana juya shafi a hankali, aji ya yi tsit kowa na jiran sunan da yatsa zai tsaya a kai. Wanda aka kira ya fito gaban allo ya amsa da baki, makin da aka rubuta masa da tawada kuma ba ya gogewa. Faɗuwa a darussa da yawa na nufin maimaita aji, maimaita aji kuma ga ɗan ƙauye na nufin komawa gona, domin uba ba zai sake loda keken shanu shekara guda a banza ba. Tsanani irin wannan ya fitar da mutane masu ilimi na gaske, ban musa ba. Sai dai ya fi tace masu ƙaramin ƙarfi fiye da masu ƙaramar ƙwaƙwalwa.

To, maimakon gwamnati ta faɗaɗa ƙofar, sai ta tsorata da masu shigowa. A ƙarshen shekarun 1920 manyan Belgrade sun shiga kukan cewa masu takarda sun yi yawa, ofisoshi ba za su ɗauke su ba, kuma mai ilimi marar aiki shi ne ɗan tawayen gobe. Dokar makarantun sakandare ta 1929 ta ɗaure tsarin tamau, aka rage wa sakandaren ƙananan garuruwa da dama manyan azuzuwansu, aka shiga tura yara makarantun da ke ƙarewa a sana'a ba tare da hanyar jami'a ba. Ana cikin haka tattalin arzikin duniya ya karye. Farashin alkama da na 'ya'yan itacen da Šumadija ke taƙama da su ya faɗi warwas, bashi ya shaƙe manoma har gwamnati ta dakatar da biyansa a 1932. Wato a daidai lokacin da ɗan manomi ya fi buƙatar tsani, a lokacin aka zare masa matakala. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su iya rubuta sunansu ba, a ce matsalarta yawan masu ilimi ce? Matsalar ita ce tattalin arzikin da ba shi da wurin ajiye mai ilimi sai teburin gwamnati. Gyaran wannan yana da wuya, rufe aji kuwa sa hannu ɗaya ne, sai aka zaɓi mai sauƙin.

Kaya na biyu ya fi wannan nauyi. A ranar 1 ga Disamba 1918 aka shelanta Masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa. Ƙasa ce da aka ɗinka daga yankunan da suka yi ƙarnuka wasu a ƙarƙashin Austiriya da Hangari, wasu a ƙarƙashin Usmaniyawa. Akwai Kiristocin Otodoks, akwai Katolika, akwai Musulmin Bosniya da Sanjak da Kosobo, ga haruffan rubutu iri biyu. Aƙidar gwamnati ita ce dukkansu al'umma ɗaya ce mai suna uku. Tsarin mulkin 1921 har ya ba harshen hukuma suna guda da ya haɗa sunayen ukun, harshen da babu uwar da ta taɓa yi wa ɗanta magana da shi. Majalisa ta kasa zama lafiya. A watan Yunin 1928 wani ɗan majalisa, Puniša Račić, ya harbi jagoran manoman Kuroshiya, Stjepan Radić, a cikin zauren majalisa, kuma raunin ya yi ajalinsa bayan 'yan makonni. Ranar 6 ga Janairu 1929 Sarki Aleksandar ya rushe majalisa, ya soke tsarin mulki, ya riƙe komai a hannunsa. A watan Oktoba ya sauya wa ƙasar suna zuwa Yugoslabiya, ya yanka ta larduna tara, kusan duka da sunayen koguna. Kragujevac, tsohuwar fadar Miloš, ta wayi gari a Lardin Danube, ana mulkinta daga Novi Sad, sunan Sabiya kuma ya ɓace daga taswirar mulki.

Abin da 'yan siyasa suka kasa a majalisa, shi aka miƙa wa malamin tarihi ya yi a cikin minti arba'in da biyar. Aka gyara manhaja domin kowane darasi ya nuna cewa tarihin kabilun nan kogi ɗaya ne da ke gangarowa zuwa ga gidan sarautar Karađorđević, wato gidan Sarki Aleksandar. Ƙungiyar motsa jiki ta Sokol, wadda a da ta sa-kai ce, aka mayar da ita ta gwamnati a ƙarshen 1929, aka cusa ɗalibai a ciki suna fareti a ranakun biki. Ranar Waliyyi Sava, 27 ga Janairu, wadda tun ƙarni na 19 ita ce bikin makarantun Sabiya, aka so a yi ta a faɗin ƙasar. A Kragujevac wannan ba wani abu ba ne, bikin kakanninsu ne. Amma ga uba Bakatolike a Split ko Musulmi a Sarajebo, waliyyin cocin wasu ne aka kawo wa ɗansa da sunan kishin ƙasa. A nan aibin shirin yake. Abin da ɗalibin Šumadija ya ji a matsayin tarihinsa da aka ɗan faɗaɗa, ɗalibin Zagreb ya ji shi a matsayin tarihin maƙwabci da aka ɗora masa. Yaron Kragujevac ya fita daga aji takwas yana ganin ƙasar ta haɗu, bai san cewa littafin da ya gamsar da shi ya fusata takwaransa ba. Makarantar ba ta haɗa su ba, ta dai ɓoye wa ɗaya fushin ɗayan.

Malamin da aka ɗora wa wannan aiki shi kansa ba shi da 'yanci. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma minista na iya ɗauke shi daga gari zuwa wani lungu na kudu da takarda ɗaya, a ce buƙatar aiki ce. Kowa ya san ma'anar wannan a lokacin zaɓe. Mutum mai mata da 'ya'ya, da ya ga an yi wa abokin aikinsa haka, sai ya koyi karanta littafin gwamnati yadda aka rubuta shi, ya bar ra'ayinsa a gida. Ɗalibai kuwa ba su da wauta. Yaro ɗan shekara sha bakwai yana gane lokacin da malaminsa ke faɗin abin da bai yarda da shi ba.

Daga nan ne abin da gwamnati ke tsoro ya shigo, ta ƙofar da ba ta tsare ba. An haramta jam'iyyar kwaminis tun ƙarshen 1920, reshen matasanta da ake kira SKOJ, wanda aka kafa a 1919, ya koma aiki a ɓoye. A shekarun 1930, musamman bayan an kashe Sarki Aleksandar a Marseille ranar 9 ga Oktoba 1934 kuma riƙon ya ɗan sassauta, ƙungiyar ta sami gindin zama a manyan azuzuwan sakandare. Kusan kowace Gimnaziya tana da ƙungiyar adabi ta ɗalibai, inda ake karanta waƙa da gajeren labari a yi muhawara, kuma a nan aka fi fafatawa. Littattafan Gorki da na Jack London suna yawo daga hannu zuwa hannu, tsofaffin ɗalibai da suka tafi jami'ar Belgrade suna dawowa hutu da ƙasidu da labarin yaƙin basasar Sifen. Yaron da ke kwana da yunwa a ɗakin haya, yana wuce unguwar ma'aikatan masana'antar makamai kowace safiya, ya kuma san cewa ko ya ci matura ba lalle ya sami aiki ba, ba ya buƙatar dogon wa'azi. Hukuma ta mayar da martani da kora, wani lokaci korar da ke hana yaro shiga kowace sakandare a ƙasar. Wanda aka kora ya rasa tsanin gaba ɗaya, ba abin da ya rage masa sai ƙungiyar.

Ba ina cewa dukkan ɗalibai sun zama 'yan gurguzu ba. Da yawa sun tsaya kan sarki da coci, wasu sun bi masu tsananin kishin Sabiya, kuma bayan 1941 'yan aji ɗaya sun harbi juna daga sansanoni daban-daban. Abin da makarantar ta kasa fitarwa shi ne ainihin abin da aka yi odarsa, wato Bayugoslabe mai biyayya wanda ya manta kabilarsa. Gwamnati da kanta ta amsa haka a watan Agustan 1939, lokacin da ta ba Kuroshiya lardi mai cin gashin kansa, harkar ilimi kuma na cikin abubuwan da ta sakar masa. Shekara goma na manhaja ɗaya suka tafi a yarjejeniya guda.

Sauran labarin gajere ne kuma mai ɗaci. Gwamnati ta sa hannu a ƙawancen Hitila ranar 25 ga Maris 1941, bayan kwana biyu sojoji suka kifar da ita, ɗaliban sakandare na cikin waɗanda suka cika tituna suna murna. Ranar 6 ga Afrilu Jamus ta afka wa ƙasar, cikin kwana goma sha ɗaya ta gama da ita. Da tawaye ya ɓarke, kwamandan sojojin Jamus, Janar Franz Böhme, ya aiwatar da umarnin kashe mutum 100 a kan kowane sojan Jamus da aka kashe, 50 a kan wanda aka raunata. A wata arangama kusa da Gornji Milanovac an kashe Jamusawa 10, an raunata 26, lissafi ya ba da 2,300. Ranar 20 ga Oktoba sojoji suka bi Kragujevac suna kama maza, suka shiga Gimnaziya ana tsakiyar darasi suka fitar da 'yan manyan azuzuwa da malamansu. Washegari aka harbe su a Šumarice, bayan gari. Shugaban makarantar, Lazar Pantelić, yana cikin waɗanda aka kashe. Shekaru da dama hukuma na cewa mutum 7,000 ne, amma binciken da aka bi suna bayan suna ya tsaya kusa da 2,800, cikinsu ɗaliban sakandare 144. Ban ga abin da gaskiyar adadin ta rage wa wannan ta'asa ba. Yaran nan su ne 'yan ƙalilan da suka tsallake duk shingayen da na ambata, waɗanda iyayensu suka yi shekaru suna sauke gari da itace a ƙofar masu ɗakin haya.

Duniya ta san makarantar ne ta wannan rana, ta waƙar da Desanka Maksimović ta rubuta a kanta, da kuma gunkin tunawa da Miodrag Živković ya sassaƙa a 1963. Hakan daidai ne, amma ya sa shekaru ashirin da suka gabaci ranar sun shige duhu, alhali a cikinsu ne aka horar da mutanen da suka karɓi ƙasar a 1945. Waɗanda suka karanta haramtattun littattafai a ƙarƙashin benci su ne suka zama ministoci da shugabannin makarantu a zamanin shugaban kwaminis Tito. Kayan farko sun ɗauke shi da gaske: sun yi yaƙi da jahilci ƙauye-ƙauye, sun gina ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma dokar 1958 ta tabbatar da karatun shekara takwas a kan kowane yaro, mace da namiji. Kaya na biyu kuwa ba su sauke shi ba, suna kawai suka sauya masa. Aka cire bikin Waliyyi Sava da hoton sarki, aka rataya hoton Tito, aka koma koyar da 'yan'uwantaka da haɗin kai daga littafi ɗaya, malamin da ya kauce kuma ya san abin da ke jiransa. A ƙarshen shekarun 1970 suka soke tsarin Gimnaziya ɗungurungum, bisa hujjar cewa makarantar 'ya'yan manya ce, suka maye gurbinta da karatun sana'a. Sai wajen 1990 aka dawo da ita, shekara guda kafin ƙasar da aka yi ta koyar da haɗin kanta ta fara wargajewa.